Ciyawar da ba ta dabbobi ba



Yawancinmu mun tashi ne a gidajen da ciyawa ba ta da gurbi a cikinsu. A Kano, a Katsina, a Haɗeja ko Gusau, tsakar gida mai kyau ita ce wadda aka daɓe, aka share ta ƙal, aka yayyafa mata ruwa da yamma ƙura ta kwanta. Idan ciyawa ta tsiro a gindin katanga, cewa ake yi matar gidan ta yi sakaci ko yaran gidan sun gagara. Ciyawar da muka san darajarta tana daji: harkiya da burburwa da kyasuwa a yanko a ba tumaki, gamba a yi zana da ita. To ka ce wa mutumin da ya taso a haka ya sayi ciyawa da kuɗinsa, ya dasa a ƙofar gida, ya ba ta ruwa da taki, sannan ya yanke ya zubar ba tare da ko akuya ta ɗanɗana ba. Kallon da zai yi maka shi ne na wanda Legas ta juya wa kai.

Irin wannan kallon aka yi ta yi wa juna a zamanmu shekara huɗu da suka wuce, lokacin da maganar filin gaban gidan ƙungiya ta taso. Filin ba wani babba ba ne, mita 6 ne a faɗi, 9 a tsawo. Da rani ƙura, da damina caɓi, kuma duk ruwan da ya sauko daga kwanon rufinmu ta nan yake bi ya kwashi jar ƙasa ya zuba a lambatun titi. Maƙwabtanmu Yarabawa sun yi magana sau biyu cikin mutunci, na uku kuma takarda ce ta zo daga ƙungiyar masu gidaje ta unguwa. Mafi yawan 'yan kwamiti suka ce a zuba kankare ko a shimfiɗa intalok, a yi ta ta ƙare. Waɗanda suka ce a'a su ne mutanen da ba su cika magana a taro ba, wato 'yan uwanmu masu aikin lambu a gidajen Lekki da Magodo da GRA ta Ikeja. Hujjarsu ɗaya ce, kuma ita ta yi nasara: kankare ba ya shan ruwa, tura shi gaba kawai yake yi, kuma gaban nan ƙofar maƙwabci ce. Aka raba filin, aka yi wa hanyar shiga da wurin ajiye mota intalok, sauran aka bar wa ciyawa. Tun daga nan 'yan uwa da suka gina a Alagbado da Sango-Ota da Mowe da Ikorodu suke tambayar yadda muka yi, shi ya sa muka ga gara a rubuta a wuri ɗaya.

Abu na farko da ya kamata ɗan Arewa ya sa a ransa shi ne ruwan nan ba irin namu ba ne. Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano take samu, kuma daminar tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Daɓen da zai yi shekaru a Daura ba zai kai Sallah biyu a nan ba. Ƙasa a nan ba ta zama tsirara: ko ka rufe ta da abin da kake so, ko ta rufe kanta da abin da ba ka so. Duk wanda yake garin nan ranar 10 ga Yulin 2011 ya ga abin da ruwa yake yi idan ya rasa inda zai shiga. Ba muna cewa ciyawar ƙofar gidanka za ta hana ambaliya ba ne, wannan aikin manyan magudanai ne. Amma ƙasar gidanka za ta zauna a gidanka, ruwan da zai fita titi zai ragu kuma zai fita a hankali, sannan da azahar ka taka intalok da ƙafa babu takalmi, ka taka ciyawa, kai ma za ka ba da labari.

Su dattawanmu da suke cewa abin na Turawa ne, ba su yi ƙarya ba. Daga Ingila al'adar ta zo, ta sauka a Ikoyi da Ikeja da Nasarawa ta Kano tare da gidajen ma'aikatan mulkin mallaka. Injin yankan ma wani Bature ne mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro shi a 1830, ya kwaikwayo shi daga injin da ake aske gashin yadi a masaƙa. Kafin nan da lauje ake yi, ko a saki tumaki su yi aikin. Da muka faɗa wa wani dattijonmu wannan, cewa ya yi ashe dai maganarsa ce, Turawan ma da tumaki suka fara.

Zaɓen iri shi ne inda mutane suka fi asarar kuɗi, domin mai sayar da fulawa a bakin titi abin da yake da shi zai yaba maka. Iri uku aka fi samu a nan. Akwai wadda suke kira kafet, mai faɗin ganye da laushi, tana shimfiɗuwa a ƙasa, tana jure inuwa da danshi, ba ta da cin taki sosai. Ita muka dasa, saboda katanga da bishiyar mangwaro suna tare mana rana rabin yini. Aibinta biyu: ba ta son dogon fari, kuma da damina takan fitar da dogayen karare masu 'ya'ya cikin 'yan kwanaki, filin ya yi kamar kan da ya kwana biyu bai ga wanzami ba. Akwai wadda suke kira Bahama, mai siririn ganye. Wannan ba baƙuwa ba ce, kiri-kiri ce da muka sani a bakin fadama, wasu suna ce mata tsarkiyar zomo, manoma suna yaƙi da ita a gona, a nan kuma ana sayar da ita da tsada. Tana jure taku da fari fiye da kowace, in yara za su buga ƙwallo ita ce daidai, amma sai da rana tun safe har yamma. A ƙarƙashin bishiya sirancewa take yi har ta ɓace. Kuma tana da shisshigi, sai ta ratsa cikin fulawa da tsakanin intalok. Sai ta uku, 'yar Fatakwal, mai taurin rai, ga riƙe ƙasa a gangare. Matsalarta 'ya'yanta masu tsini suna maƙalewa a wando da safa, mai babbar riga ya ratsa ta sau ɗaya zai tuna ƙarangiya. Kafin ka sayi kowace, ka zauna a gidanka yini guda ka lura awa nawa rana take faɗa wa wurin. Amsar tana nan.

In bishiya ce ta tare ranar, kada ka yi gaggawar ɗauko gatari. A Jihar Legas sare bishiya sai da izinin hukumar LASPARK, kuma ko babu doka, inuwar bishiya ta fi ciyawa daraja a wurinmu. A rage mata rassa, a bar gindinta babu ciyawa, a ajiye benci.

Yanzu ƙasa, wadda ita ce rabin aikin ko fiye. Kusan duk gidan da aka gama ginawa, abin da ke ƙofarsa ba ƙasa ba ce, kabarin aikin magina ne: ɓaraguzan bulo, busasshen siminti, ƙusoshi, buhunan leda, an bi da jar ƙasa an lulluɓe. Ka dasa ciyawa a kai, wata biyu tana kore, sai ka ga wasu wurare sun yi fari kamar makero, ka yi ta zuba ruwa da taki a banza. Masu lambunmu sun sa an tone filin zurfin bakin shebur, an tsince duk wannan tarkace, baro ya fi goma. Sannan aka kawo baƙar ƙasa aka shimfiɗa kaurin santimita 10 zuwa 15, aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, aka bi da manjagara aka daidaita, aka karkatar da filin kaɗan yadda ruwa zai gangara nesa da ginin ba wajensa ba. A kula da mai tifa. Baƙar ƙasar da aka kwaso daga tsohuwar bola baƙa ce ƙirin, amma cike take da kwalba da batir da allura, kuma a nan 'ya'yanka za su yi rarrafe. Ka je ka ga inda ake ɗebowa, ko a juye a gabanka ka sa hannu ka duba kafin ka biya. Mutanen Ajah da Lekki nasu daban ne, ƙasarsu rairayi ce, ruwa da taki wucewa suke yi kamar a rariya, su sai sun ƙara yawan ruɓaɓɓen taki. Mu na Agege da Ota jar ƙasa ce mai danƙo, ta jiƙe ta riƙe ruwa, ta bushe ta zama dutse.

Maganar taki ta gargajiya, mu ne ya kamata mu fi kowa sauƙin samu, tunda 'yan uwanmu ne a mayankar Oko-Oba da Kara. Sai dai kashin shanu ɗanye yana zuwa da 'ya'yan duk ciyawar da saniyar ta ci tun daga Arewa, kashin kaji ɗanye kuma ƙona saiwa yake yi. A tara shi a gefe, a rufe, a riƙa juyawa, sai ya daina wari da zafi ya koma kamar ƙasa. Wata biyu zuwa uku ke nan.

Dashen kansa ba wuya. Ana yayyaga ciyawar ƙanana da saiwarta, a dasa a jere da tazarar tafin hannu ɗaya, a danne da ƙafa, a ba ta ruwa kullum har sati biyu zuwa uku. Cikin wata biyu zuwa uku ta haɗe. Mai kuɗi yana iya sayen wadda aka yanko fale-fale kamar darduma a shimfiɗa masa a yini ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, Afrilu zuwa Mayu. Wanda ya bari sai Yuni ko Yuli, lokacin da ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, zai je ya tsinci ciyawarsa da baƙar ƙasarsa a lambatu.

Inda muka fi ja-in-ja da 'yan uwa shi ne yanka. Tunaninmu na manoma shi ne in za a yi aiki a yi shi gaba ɗaya: a bar ta ta kai gwiwa, a kira yaro da langa-langa ya kwashe ta har ƙasa, a huta wata biyu. Wannan shi ne babban abin da ke kashe ciyawar gida. Ganyen nan da shi take cin abinci. In ka aske shi tas, rana ta ƙona karan da ke kwance, saiwa ta raunana, ƙasa ta buɗe, kuma duk inda ƙasa ta buɗe baƙuwar ciyawa ce za ta riga taka zuwa. Ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Kafet ana barinta a kan santimita 4 zuwa 5, kimanin faɗin yatsu uku, Bahama tana iya yin ƙasa da haka kaɗan. Ma'ana da damina duk sati ko kwana goma sai an yanka, da rani kuma sai a yi sati uku ko fiye ba a taɓa ba. In tafiya ta kama ka ka dawo ka tarar ta yi tsawo, a rage ta sau biyu ko uku da tazarar 'yan kwanaki. Wuƙar kuma ta zama mai kaifi. Dakusasshiya yaga ganye take yi, bayan kwana biyu ka ga saman filin ya yi fari-fari, ka ɗauka ƙishirwa ce.

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin kiran mai inji ya tashi, kuma mun ga gidaje da yawa sun saki filinsu saboda haka. Ga ƙaramin fili irin namu ba dole sai inji mai fetur ba. Akwai na turawa da hannu wanda ba ya shan komai sai man shafawa, akwai babban almakashin lambu na gyara gefe-gefe, kuma langa-langa mai kaifi a hannun wanda ya iya tana aiki, in dai an hana shi taɓa ƙasa.

Abin da aka yanke, in gajere ne a bar shi a wurin, zai ruɓe ya koma taki. In ya yi yawa har ya kwanta curi-curi, a kwashe. Mai son ba dabba ya ba ta nan take ko ya shanya ta bushe, kada a tara ɗanya a buhu ta yi zafi sannan a ba rago, tana kumbura ciki. Wadda aka yi wa feshi kuwa ba ta dabba ba ce sam.

Ruwa yana da lissafi, kuma lissafin ne ya kamata mutum ya yi kafin ya yanke girman filin da zai dasa. Da rani ciyawa tana son kimanin milimita 25 a sati. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato kowane murabba'in mita yana shan jarka ɗaya mai lita 25 duk sati. Wanda ya dasa mita 5 sau 6 yana da murabba'i 30, jarka 30 ke nan, kusan kura uku ta mai ruwa, kowane sati daga Disamba zuwa Maris. Mai rijiyar burtsatse ba zai ji ba. Wanda yake sayen ruwa kuwa, shawararmu ya dasa kaɗan, ko ya haƙura ta yi ja da hunturu. Bahama takan bushe ta yi kamar ta mutu, ruwan farko ya sauka ta farfaɗo. Kafet ba ta kai ta haƙuri ba, tana son ko rabin wancan ne a ba ta. Mu mun juya bututun wurin alwala ya zuba a filin, kuma ya rage mana sosai. Ruwan wanki mai omo da bilic, da ruwan wankin mota, da baƙin man janareto, waɗannan a nisanta su.

Yadda ake bayarwa ma da bambanci. Yayyafin kullum da yamma, irin wanda muka saba yi don kwantar da ƙura, saiwa yake hana wa nitsewa, kuma ganyen ya kwana a jiƙe cikin zafin nan da danshi, sai cutar fumfuna ta kama shi, ka ga da'ira-da'ira ruwan ƙasa. A ba ta sosai sau biyu a sati, da sassafe bayan asuba. Mai amfani da abin fesawa ya ajiye gwangwanin kifi a tsakiyar fili, in ya cika, na satin ya isa.

Takin zamani ɗan kaɗan ake so. NPK 15-15-15 kimanin giram 30 a murabba'in mita, cikin tafin hannu ɗaya ke nan ba a tula ba, a farkon damina, sai kuma a maimaita wajen Satumba. Yuriya ta fi ƙarfi nesa, kashi 46 cikin 100 nata sinadarin naitirojin ne, giram 10 ya isa, a watsa a kan busasshen ganye a bi da ruwa nan take. Wanda ya zuba ta da yawa da rana tsaka zai ga sawun hannunsa a ƙone washegari. Kuma ba kowace rawaya ce yunwa ba. In filin gaba ɗaya ya koɗe, yunwa ce. In wuri ɗaya ne, kuma ka taka ka ji yana nitsewa, ruwa ne ya kwanta saiwa ta rasa iska, taki ba zai yi komai ba sai an gyara gangaren. In kuwa wurin ya yi tauri, tuji ya fara fitowa, to taku ne ya yi yawa ko ana ajiye mota a kai. A sassoka ƙasar da ƙarfen lambu mai yatsu, a zuba rairayi da taki a ramukan, motar kuma a nema mata wani wuri.

Baƙin ciyayi biyu ne suka fi ba mu aiki, kuma duka mun san su tun gida. Aya-aya tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa a jere kamar carbi, ka fizge ganyen, ka bar goma suna jira. Sai an tona an bi zaren. Tofa kuma saiwarta tana tafiya a kwance da tsini, in ba a fitar da ita kafin dashe ba, za a yi ta fama har abada. Sauran, yaro da tsohuwar wuƙa rabin awa a sati ya ishe su, kuma ciyawar da ta yi kauri ita da kanta take hana su wuri.

A nan muna roƙon 'yan uwa su saurara da kyau. A kasuwa komai sunansa maganin ciyawa, mai shago ba zai tambaye ka wace ciyawa ba. Mai sinadarin gilaifoset ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa ya tafi, amfaninsa kafin dashe ne, a fesa a jira kamar sati biyu. Mun san gidan da aka aiki yaro ya sayo, ya fesa wa filin da aka kashe kuɗi a kai, cikin kwana goma ya zama kamar an yi gobara, kuma albashinsa aka riƙe. Mai 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye ya bar ciyawa, amma iska ta kaɗa shi kan zogale ko tumatir ko fulawar maƙwabci, an shiga wata rigimar. Shi kuwa farakwat, wanda NAFDAC ta sanar da haramta shi, guba ne da ba shi da makari, kurɓi kaɗan yana kisa, kuma har yanzu ana cin karo da shi. Don Allah kada a juye kowane irin magani a robar lemo ko ta ruwa. Gidajenmu cike suke da yara. A ƙaramin fili mu ba mu ga dalilin feshi ba ma, hannu ya isa.

Ƙwari kuma akwai gara, wadda ke bin busasshiyar ciyawar da ta taru a ƙasa da rani, maganinta na farko manjagara. Akwai tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016, ita ma tana cin ciyawar gida, musamman Bahama, cikin dare biyu sai ta yi wa fili ƙwal. In ka ga wuri yana faɗaɗa kamar an kiwata shi, ko balbelu sun dage da sauka a kai, ka kaɗa ɗan sabulun wanke-wanke a bokitin ruwa ka zuba. In tana nan, cikin mintuna za ta fito sama.

Iyayenmu mata sun fi damuwa da sauro da maciji, kuma damuwar tana kan hanya. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, a lambatu da tsohuwar taya da gwangwani, ba a ciyawa ba, amma yana fakewa a doguwar ciyawa da rana. Maciji kuma ɓera yake bi da wurin ɓuya. Ciyawa mai tsawon yatsu uku ba ta ɓoye ko ƙadangare. Wadda aka saki ta kai gwiwa kuwa, duk abin da Hajiya ta faɗa a kanta gaskiya ne. Saboda haka wanda ya san ba zai iya yanka a kai a kai ba, mu da kanmu muna ce masa ya yi intalok ɗinsa, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sai abin da babu littafin Bature da zai gaya maka: Babbar Sallah. Rago ɗaya a ɗaure kwana uku ya isa ya cinye da'irar da igiyarsa ta kai har saiwa, fitsarinsa kuma ya ƙona abin da ya rage. Mun keɓe wa raguna gefen katanga mai rairayi, yanka da wanke kayan ciki ma a can. Haka taron suna da ɗaurin aure: rumfa da kujeru na yini ɗaya ba komai, ciyawa za ta miƙe. Amma tabarma ko leda da aka bari a shimfiɗe kwana biyu zuwa uku, in aka ɗaga sai a tarar da rawaya. Masu girki kuma kada su kafa murhu ko su juye ruwan zafi a kai. Wannan doka ta jawo mana ƙorafi a shekarar farko, yanzu su matan ne suke tuna wa masu kawo rumfa.

Akwai wani ɓangare da ya fi ciyawar kanta muhimmanci a wurinmu a matsayin ƙungiya. Tun da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, yaranmu da dama sun koma gadi, kuma a gidaje da yawa maigadi shi ne mai wankin mota, shi ne mai ba fulawa ruwa, shi ne mai yankan ciyawa, duk a albashi ɗaya. Ba a koya masa ba, amma ranar da fili ya lalace shi ne mai laifi. Ƙorafe-ƙorafe irin wannan suna zuwa teburinmu. Abin da muke gaya musu shi ne a yi magana tun ranar ɗaukar aiki, a gaban shaida: gadi daban, lambu daban, kowanne da kuɗinsa, kuma mai gida ne zai sayi kayan aiki da takalmin roba da tabarau. Injin nan na rataye a kafaɗa yana harba tsakuwa kamar gwafa, ya fasa gilashin mota, ya fasa ido. A tsince duwatsu kafin a tayar da shi, a kori yara daga wurin, kuma kada a sa hannu wajen wuƙa sai an cire wayar fulogi. Wanda ya iya aikin nan sosai, ya san iri, ya san taki, ya mallaki injinsa, yana iya riƙe gidaje da yawa a rukuni ɗaya ya zama mai kansa. Manyan masu lambunmu sun yarda su riƙa ɗaukar yara biyu-biyu suna koya musu, mai sha'awa ya ba da sunansa a ofis.

'Yan haya su nemi izinin mai gida kafin su tona ko'ina, kuma a tambayi inda bututun ruwa da ramin masai suke.

Ciyawarmu tana tsallake iyakarta duk damina, sai an datse gefe-gefe, kuma abin da ake datsewa iri ne mai kyau da saiwarsa. Bana ba za mu zubar ba. Daga Asabar ta farkon Afrilu, bayan la'asar, duk ɗan ƙungiya mai so ya zo da buhunsa ya ɗiba kyauta. Sharaɗi ɗaya masu lambu suka kafa: sai ɗayansu ya je ya ga wurin tukuna, ya tabbatar an fitar da ɓaraguzai an zuba baƙar ƙasa. Kuɗin motarsa a kan mai gida.

Sakatare